Mai Raɗa a Ƙarƙashin Karaga

Duk ƙauyenmu babu wanda ya taɓa haddace komedya, wasan kwaikwayon da muke yi a baitoci lokacin biki, kuma babu mai jin kunyar haka. Masunta ne da manoma da masu babur ɗin haya, wa ke da lokacin cusa wa kansa baitocin wasan da ake kwashe kwanaki ana yi? Nasu taku ne, da juya takobi, da kaɗa alkyabba in 'yan badujala sun busa. Magana kuwa tawa ce. Ina zaune a rami ƙarƙashin dandamali da littafin kakana a cinya, in karanto layi, wanda ke tsaye a sama ya cafe ya rangaɗa wa jama'a. Abin da na faɗa shi za su faɗa, ba ragi ba ƙari.

In na ce ba ƙari, to ba ƙari. Lokacin da babana ke ramin, cinnaka ya taɓa cizonsa a inda ba a faɗa, ya ce, "Uwaka!" Sarkin Kiristoci ya ɗaga takobi sama, ya dubi limamin coci da ke zaune a layin gaba, ya ce da iya ƙarfinsa, "Uwaka!" Har gobe tsofaffi na ba da labarin a wurin zaman makoki.

Ramin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ta wani murfi a tsakiyar dandamali ake shiga, a rarrafa zuwa gaba, a zauna a kan 'yar kujera. A gabanki akwai taga da ba ta fi faɗin fuska ba, ta nan kike ganin 'yan wasa, ta nan suke jin ki. A bayanki katako ne, bayansa kuma jama'a, sai wata 'yar tsaga da nake leƙen ƙafafun 'yan layin gaba. Da zarar kin shiga sai a rufe murfin a ɗora karagar sarki a kai, karagar da sai ƙarti sun taru suke iya ɗaga ta. Ko fitsari ya matse ki, sai an tashi.

Ni ban zaɓi ramin nan ba. Ina jaririya zazzaɓi ya kusa tafiya da ni, babana ya yi wa San Isidro, waliyyin ƙauyenmu, bakance cewa in na tashi, muryar gidanmu ba za ta bar ramin ba muddin akwai mai numfashi. Na tashi. Ba wanda ya tambaye ni. Yanzu gashina ya yi fari fat, gwiwoyina sun ƙi ni, amma duk watan Mayu in bikin waliyyi ya zo, sai a ji ana, "Ina Aling Sorsing? A saka ta a rami." Kamar wata dawa.

Wasan kuwa ƙarshensa ɗaya ne tun zamanin Sifaniyawa. Kiristoci da Moro, wato Musulmin kudancin ƙasarmu, su gwabza, Moro su sha kashi, 'yar Sultan ta durƙusa gaban sarki a zuba mata ruwan baftisma, a sauya mata suna, jama'a su yi tafi, a tafi cin gasasshen alade. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, kamar yadda ba na tunanin dalilin da ya sa tafki yake da ruwa. 'Yata Ningning ma ta taɓa fitowa a 'yar Sultan tana budurwa, ni na karanto mata, ta durƙusa, aka jiƙa mata gashi.

Sai ta tafi Manila aiki, ta haɗu da Alinor, Musulmi ɗan garin Marawi mai sayar da wayoyi a unguwar Quiapo, ta musulunta, suka yi aure. Na yi kukana na share hawayena. Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba, in ya gaishe ni sai ya ɗora hannuna a goshinsa kamar ɗan da na haifa. Suka haifi Johaira, ita ke nan jikata a duniya.

Yarinyar nan ta waya na rene ta. Tun da ta fara wayo take kira na da Lola, wato kaka, "Lola, ba ni labarin gimbiya." Ni kuma in zage, in ba ta yadda 'yar Sultan ke ɗaure gashinta ta zare takobi, ta watsa jaruman Kiristoci kamar kaji. In mun zo kusa da ƙarshe sai in ce tukunyata na ƙonewa. Bana ta shekara takwas, ta kafe sai ta zo ta ga ƙarshen da idonta.

Ningning ta kira ni, muryarta ba wasa. Inay take ce min, wato inna.

"Inay, yarinyar nan ta hana ni sakat. Amma ni na san ƙarshen, a kaina aka zuba ruwan."

"To wasa ne fa, 'yar nan."

"A wurinki. Ita da ɗankwalinta za ta zauna a tsakiyar mutane, ta ga an durƙusar da mai irin sunanta ana ihu ana tafi. Ke ce bakin wasan nan, Inay. Ki gyara shi. In ba za ki iya ba, faɗa min yanzu mu yi zamanmu. Amma in na kawo ta ta ga wannan abin, zan ɗauke ta, kuma ba za ta ƙara taka ƙauyen nan ba. Ba babanta ya ce ba, ni na ce."

Na san 'yata, taurin kan nawa ne ta kwaso. Amma ina son in ji ɗumin yarinyar nan a jikina, ba a kunne ba. Na ce, "Ku taho. Zan san yadda zan yi."

Yadda zan yi shi ne Ka Pilo, shugaban biki. Shi ya riƙe Ningning ranar baftismarta, don haka kumpare nake ce masa, shi kuma ya ce min kumare. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana shafa zakaran dambensa kamar wani jariri.

"Kumpare, ƙarshen nan nake so mu taɓa."

"Wane ƙarshe?"

"Ƙarshen duniya. Ƙarshen wasa mana! A bar yarinya ta tashi da sunanta, a yi sulhu, a busa badujala, kowa ya kama gabansa."

Ya dube ni kamar na ce a yanka zakaran. "Kumare, rana ta buge ki ne?"

"Haba, kumpare. Littafin nan daga sama ya faɗo? Kakana ya ji labarin a bakin wani fadan coci, ya zauna ya juye shi da harshenmu na Tagalog, ya sa masa amo. Babana ya ƙara wawan sarki mai kwaikwayon sojan Japan. Ni da kaina na saka barkwancin ɗauke wuta, kai ka fi kowa dariya, har haƙorinka na roba ya faɗo. Duk hannun da ya riƙe shi sai ya bar zanensa."

"Barkwanci daban, ruwa daban," in ji shi. "Kin manta shekarar da aka gajarta jerin gwano? Ina shinkafar mutane ta tafi? Tafki ya shigo har cikin coci. Ba wa mutane muke wasan nan ba, wa waliyyi muke yi. Ga kuma 'yan jami'a za su zo da na'urar ɗaukar hoto, sun ce na asali suke so, kada a taɓa ko wasali."

"Su da ke rubutawa a jarida wai wasanmu na ƙiyayya ne?"

"Su ɗin. Sun ce ko na ƙiyayya ne a bar musu shi yadda yake, tarihi ne."

"To jikata ba tarihi ba ce, mutum ce. Kuma 'yar 'yarka ce ta baftisma, in ka manta."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da shafa zakara. "Ban manta ba. Ita ce ta manta. Ke dai ki tuna bakancen babanki, kumare. Ranki aka saya da ramin nan."

Na tashi na kakkaɓe zani. Na so in ce masa wani abu da zai daɗe yana jin sa, amma maganarsa ta ƙarshe ta riga ta zauna min a ƙirji. Gaskiya ina tsoro. Wanda aka gaya wa tun yana tatata cewa da igiya ɗaya aka ɗaure ransa, ba ya wasa da wuƙa kusa da ita.

Sai ranar ƙarshe ta biki suka iso, da motar asuba. Johaira ta diro da wasu silifa ruwan ɗorawa, ta ruga ta ɗora hannuna a goshinta, ta ƙanƙame ni. Wayyo, ashe haka take da tsawo! Na kai ta kicin na zuba mata suman, dafaffiyar shinkafar da muke naɗewa a ganye, da mangwaro. Tukunya sabuwa na saya don su, wadda alade bai taɓa shiga ba.

Tana ci tana zuba. "Lola, kakata ta Marawi ma tana da waƙa mai tsawo, amma ita ba ta duba littafi. A kanta take. In ta fara sai kowa ya yi barci ya bar ta."

"To ita ta huta da ɗaukar kaya."

"A waƙarta mu muke cin yaƙi."

"Su wa ke nan mu?"

"Mu mana, Moro." Ta lashe yatsa. "A taki fa, Lola, wa ke ci?"

Na ɓare wani suman na tura mata a baki. Ningning na tsaye a bakin ƙofa tana kallo na.

"Inay, an gyara?"

"Ki bar ni in ji da abin da ke gabana, rana na yi."

Ban iya haɗa ido da ita ba.

Da azahar aka saka ni a rami. Na ji an ja murfi, na ji ƙarti suna nishi, karaga ta sauka a kai, ƙura ta zubo min a wuya. Zafin Mayu a cikin akwatin katako, sai wanda ya shiga. Hayaƙin alade na shigowa ta tsaga, gumi na ɗiga a kan takarda ina sharewa da gefen riga. Na leƙa baya. Ga takalman Ka Pilo masu sheƙi, ga ƙafafun na'urar 'yan jami'a, ga takalman Ningning baƙaƙe, ga silifa ruwan ɗorawa suna lilo, ko ƙasa ba sa taɓawa.

Aka fara. Mang Doroy mahauci shi ne sarkin Kiristoci, shekara da shekaru yana yi. Mutum ne mai tumbi da murya kamar ganga, bana kuma an maƙala masa abin magana a wuya, ko tari ya yi sai lasifika ta kai shi bakin tafki. A duk waɗanda na yi aiki da su babu mai biyayyarsa. Kunnensa na rami, idonsa na sama, kansa kuwa Allah kaɗai ya san inda yake. Charing 'yar mai gidan burodi ita ce 'yar Sultan.

Da Charing ta zare takobi ta bi jarumai da gudu, na jiyo wata 'yar murya a bayana tana, "Ba su! Ba su, gimbiya!" Silifa suna ta dukan iska. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, don na san shafin da ke tafe. Ina karantawa ina juya takarda, kowace juyawa tana matso da ni. Na yi tunanin in tsallake shafin, amma 'yan badujala sun san wurin, mai kwaryar ruwan baftisma ma ya riga ya tsaya a gefe. Na yi tunanin in yi kamar na suma, to wa zai gani? Sai dai a yi ta jira, a ɗaga karaga, a yayyafa min ruwa, a mayar da ni.

Moro suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Aka karɓe takobin Charing, aka kawo ta gaban karaga. Ga layin a gabana da rubutun kakana, ga bakin Doroy a buɗe yana jira. Na ce a raina, San Isidro, ka ga dai ba ni da hanya. Na karanta, shi kuma ya kwarara:

"Durƙusa, 'yar Moro, ki miƙa wuya,
sunan ubanki yau ki jefa baya!"

Jama'a suka ɗauki tafi da sowa. Charing ta kai gwiwa ƙasa. Na juya na manna ido a tsaga. Silifa sun daina lilo. Baƙaƙen takalma suka miƙe, suka juya wajen hanya, silifa suka sauko ƙasa ana jan su, ɗaya ta tuɓe, ƙaramar ƙafa ta dawo tana laluben ta.

Na ture katakon da kafaɗa, ko gezau. Na rarrafa baya na tokari murfi da kai, ina! Doroy da tumbinsa da karagarsa suna kai. Na dawo na leƙa, sun kai ƙarshen layi. Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba:

"Ningning, tsaya!"

Sai lasifika ta tsage, har sai da katakon ramin ya girgiza.

"Ningning, tsaya!"

Doroy ne, ya miƙe tsaye da sandar sarauta a sama, idonsa a kan gajimare. Tafi ya mutu. Takalman nan baƙaƙe suka tsaya cak.

Tirƙashi! Shekara da shekaru ina cikin ramin nan ina ganin bakina aka ɗaure, ashe duk ƙauyen ni kaɗai ce ke da bakin da ya kai wannan girma. Na tuna zazzaɓin da ban san shi ba, na tuna tafki a cikin coci, na tuna babana. Na ce, Itay, murya ka yi alkawari ba za ta bar rami ba, ga ta nan ba ta bari ba. Na rufe littafin. Bakin da ya saba da amo ba ya iya magana a miƙe, baitin da kansa ya zo, Doroy na cafewa yana jefawa:

"Tashi tsaye, 'yata, kar ki durƙusa,
ba wanda ya isa ya kai ki ƙasa.
Tafi da sunanki da na ubanki,
in kin dawo, ga shinkafa, ga ɗakinki."

Charing ta waiga wajen tagata da ido waje. Na yi mata alama da haɓa, ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. Mai kwaryar ruwa ya tsaya sororo, ruwa na zuba a ƙafarsa. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Wannan a ina yake a littafin?" Wani ya ce, "Yi shiru mana mu ji!"

Takalma masu sheƙi suka matso, aka doki katakon bayana da ƙafa.

"Kumare! Kin haukace ne?" Ka Pilo ne, yana magana ta cikin haƙora. "Koma kan littafi! Wallahi in tafki ya taso bana, a wuyanki. Kuma ki sani kin gama shiga ramin nan."

Ban amsa ba. In na amsa, Doroy zai faɗa wa duk gari abin da nake ɗauke da shi game da kumpare, kuma akwai yara a wurin.

Amma fa na shiga uku, don yanzu 'yar Sultan ce za ta yi magana, kuma babu layinta a ko'ina. Kakana bai rubuta mata komai a tsaye ba, duk maganarta ta ƙarshe a durƙushe take. Charing na kallo na, Doroy na kallon sama, 'yan badujala sun ɗora ƙaho a baki sun rasa ko su busa. Na buɗe baki, babu komai. Ni na san abin da sarki zai ce, don ni ce uwa. Abin da 'yar za ta mayar, wannan ba a bakina yake ba.

Sai hasken tsagar bayana ya toshe. Na juya, na ga ido ɗaya, baƙi wuluk, yana ƙifta min.

"Lola? Ke ce a ciki?"

Na rufe bakina da hannu don kada Doroy ya ji, na raɗa, "Ni ce."

"Ba ki jin zafi?"

"Ina ji."

"Me gimbiya za ta ce?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Babu a littafi."

Idon ya janye. Sai ta sa baki a tsagar, na ji numfashinta mai ƙanshin mangwaro a kuncina, ta faɗa min. Ni da na yi shekaru ina karanto wa mutane, yau aka karanto min. Na juya wajen taga na faɗa yadda aka ba ni, ba ragi ba ƙari. Charing ta ɗaga kai, ta dafa ƙugu, ta dubi Mang Doroy, mutumin da duk aladen da ke kan wuta a filin nan shi ya yanka shi da asuba, ta ce da muryar 'ya'yan sarauta:

"To, na ji. Amma ban da alade!"

Filin ya fashe. Dariya har da masu faɗowa daga benci, wani na buga ganga ba a sa shi ba. Ba duka ba, na ji masu tsaki, na ji kujeru ana ja, takalma masu sheƙi ma sun bar wurin. Ni ban yi dariya ba. Kuka nake yi, hawaye da gumi sun haɗu, ina jin tsoro ina jin daɗi, ban san wanne ya fi ba.

Wani ɗan yatsa ya shigo ta tsagar yana lalube, na kama shi na riƙe. Ta gefensa na leƙa. Ga silifa ruwan ɗorawa dab da katako. Can bayansu ga baƙaƙen takalman Ningning, har yanzu bakinsu na kallon hanya. Ba su juyo ba, amma ba su tafi ba.

Karaga na nan a kan murfi, ba mai ɗaga ta sai an tashi, kuma ba za a tashi ba sai na kai wasan ƙarshe. A sama Doroy ya gyara alkyabba, ya karkato kunne wajen rami, ya buɗe baki yana jira.

"Lola," in ji Johaira, "sai kuma me?"